Allon da Merle Hovland Ya Kafa a Ƙofar Gida

Merle Hovland ya shekara talatin da biyu yana tuƙa motar 'yan makaranta a Brannock, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar gonakin masara na jihar Iowa. A duk tsawon shekarun nan ko ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba, balle a kai ga kotu. Mutum ne mai gudun magana. Idan gardama ta kaure a shagon shan kofi na Bev, shi ne za ka gani ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali har a gama.

Gada ce ta jawo masa. Akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe a kan rafin da ya raba garin da babban titi. Wata shekara da ƙanƙara ta narke, ruwa ya cika ya ci gindinta, majalisar gari ta sa aka gitta shinge, aka ce za a gyara nan ba da daɗewa ba. Matarsa Arlene kuwa sau uku a mako take zuwa wankin ƙoda a asibitin da ke hayin rafin. Tafiyar minti goma ta koma ta minti hamsin, ta wata hanyar tsakuwa mai ramuka. Arlene takan fito daga asibiti jiki duk a mace, kowane rami suka faɗa sai ya ga ta cije leɓe ta rufe ido.

Wata goma sha huɗu suna wannan zagaye. Merle ya rubuta wa majalisa takarda sau biyu, ba amsa. Ran nan da hantsi ya shiga gareji, ya jawo wani falankin katako, ya shafe shi da farin fenti, ya rubuta da baƙi: KU GYARA GADAR. Ya kafa shi a kan ciyawar ƙofar gida, ya wanke hannu, ya koma ciki ya ci abincin rana.

Kwana uku da yin haka sai ga Duane Pruitt a cikin a-kori-kurarsa. Duane ɗan majalisar gari ne, yana sayar da taki da irin shuka, kuma aji ɗaya suka yi da Merle tun daga firamare.

"Merle, cire abin nan," in ji shi, ko fitowa daga mota bai yi ba.

"Wane abu?"

"Kai ma ka sani. Akwai doka. Ba a kafa allo a ƙofar gida a garin nan sai na sayar da gida, ko na ɗan takara idan zaɓe ya rage wata guda."

Merle ya dubi allon, ya dubi Duane. "To da a ce na rubuta gidan sayarwa ne, ba laifi?"

"Ba laifi."

"In na rubuta ku zaɓi Duane fa?"

"In lokacin ya yi, har godiya zan yi maka."

"Amma gada ba dama."

"Ba ni na rubuta dokar ba, mutumina. Tun muna sa gajeren wando take nan."

Merle har ya kama katakon zai tumɓuke, sai ya ji an ɗaga taga a bayansa.

"Ka cire allon nan, ka nemi mai dafa maka abinci," in ji Arlene. "Kai kuma Duane, ka gaya wa 'yan majalisarku ƙashin bayana yana gaishe su."

Allo ya zauna. Bayan mako biyu takardar tara ta iso, jaridar gundumar ta buga hoton Merle yana tsaye kusa da allon kamar wanda aka kama da satar kaza. Bayan wannan ne wata mata ta buga waya daga Des Moines, babban birnin jihar. Ta ce sunanta Renata Sobel, lauya ce, tana aiki da wata ƙungiya mai kare haƙƙin jama'a, kuma ba za ta karɓi komai daga hannunsa ba.

Ta zo ranar Asabar, mace mai saurin magana da jaka cike da takardu. Ta zauna a kicin, ta ci kek ɗin tuffa yanka biyu, tana bayani tana tauna.

"Mista Hovland, gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulki ya hana hukuma tauye wa mutum bakinsa. Gari yana iya cewa kada allo ya cika girma. Amma ba ya iya karanta abin da ka rubuta sannan ya ce wannan magana ta halatta, waccan ta haramta."

Merle ya san gyara na farko, an koya musu a makaranta. Shi dai a zatonsa na 'yan jarida ne da masu zanga-zanga.

"Ka tuna 'yan makarantar nan na Des Moines da suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu saboda yaƙin Vietnam?" ta ce. "An kore su daga makaranta, magana ta je har Kotun Ƙoli a Washington, kotu ta ba su gaskiya."

Ya tuna sarai. Ya tuna yadda babansa ya bugi teburin cin abinci yana zagin yaran nan, yana cewa marasa kunya ne.

"To yanzu ni ma na shiga layinsu ke nan?" ya tambaya a hankali.

"Ka shiga."

"Ni fa gada nake so a gyara."

"Na sani. Sai dai kotu ba ta gyara gada."

"Me za ta gyara?"

"Dokar."

"Ai ni dokar ba ta dame ni ba."

"Ita ce fa ta ci ka tara."

Ya waiwayi Arlene ko za ta cece shi. Arlene ta turo masa biro ya sa hannu a takardar ƙara.

A kotun farko an ka da su. Alƙalin ya ce gari yana da ikon kiyaye tsaftarsa da kyan ganinsa. Merle ya fito yana jin kunya, yana shirin ba Renata haƙuri kan wahalar da ta sha, sai ya ga tana murmushi tana danna waya.

"Madalla," ta ce. "Ya rubuta dalilinsa ɓaro-ɓaro. Yanzu muka fara, sai ɗaukaka ƙara."

"Ba faɗuwa muka yi ba?"

"Mun faɗi, amma faɗuwa mai kyau."

Duk hanyar gida yana juya maganar nan a ransa, bai samu inda zai kama ta ba.

Daga nan wasiƙu suka fara zuwa. Wani mutum daga Texas ya aiko masa da hula mai hoton gaggafa, ya ce shi ne gwarzon masu bindiga. Wata ƙungiyar masu wa'azi ta ce tana yi masa addu'a. Wata ƙungiyar da ba ta yarda da addini ba ma ta ce yaƙinsa yaƙinta ne. Merle yakan jera wasiƙun a kan tebur ya yi ta kallo. Mutanen nan da za a haɗa su ɗaki ɗaya sai an kira 'yan sanda, amma ga shi duk sun ce shi nasu ne. A shagon Bev kuwa Duane ya canza tebur. Ba su yi faɗa ba, gaisuwa ce kawai ta koma ɗaga haɓa.

Cikin shekara ta biyu aka gyara gadar. Ba saboda allo ba, in ji majalisa, dama layi ne ya zo kanta. Merle bai damu da dalili ba. Ranar da aka buɗe ta, ya haye da Arlene a hankali, tayoyi suna tafiya sumul, ita kuma ta kwantar da kai a jikin kujera ta yi barcinta har asibiti. Da suka dawo ya tumɓuke allon da hannunsa, ya jingina shi a bayan gareji, ya buga wa Renata waya don ya yi godiya.

Da ya ambaci allon, sai ta tari numfashinsa.

"Ka cire?"

"Ai an gyara."

"Mista Hovland, majalisa ta janye tarar jiya. Lauyansu ya rubuta wa kotu cewa babu sauran rigima, a kori ƙarar. Idan ba tara, ba allo, kotu za ta ce ba abin da za ta yanke."

"To ai shi ke nan, ko?"

"Ba shi ke nan ba. Dokar tana nan. Gobe wani ya kafa nasa, su ci shi tara. Ina bukatar ka yi rantsuwa a rubuce cewa kana da niyyar kafa wani allon."

"A kan me?"

"Duk abin da ya dame ka."

"Ba abin da ya dame ni."

"Ƙarya yake!" Arlene ta ɗaga murya daga falo. "Fitilar gaban coci ta mutu tun bara. Ɗakin karatu ba sa buɗewa ran Asabar. Ga karnukan gidan Hendricks!"

"Waɗannan ke suka dama," in ji Merle.

Rantsuwa ba abin wasa ba ce a wurinsa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai ya samu abin da ya dame shi da gaske. Mako guda yana zagaya garin a mota da gudun tafiyar ƙafa, yana leƙa lunguna, yana neman abin da zai ɓata masa rai. Mutane suna ɗaga masa hannu, shi kuma yana jin kamar wanda ya ɓatar da makulli bai san ma na wace ƙofa ba ne. A rana ta shida ya tsaya a gaban makarantar firamare lokacin tashi. Farin zanen da yara ke bi su tsallaka titi ya goge ƙarƙaf, manyan motocin masara suna wucewa ba sa ko rage gudu. A nan ransa ya ɓaci da gaske. Ya koma gida da wani irin farin ciki mai ban haushi, ya sa hannu a takardar.

Kotun ƙolin jihar ta sa ranar sauraro a watan Oktoba. Merle ya sa kwat ɗin da ya saya don auren 'yarsu, Arlene ta goge masa. Ya rubuta jawabi shafi biyu, ya faɗi nisan hanyar tsakuwa, da yawan ramukan, da yadda matarsa ke cije leɓe. Kwana uku yana karanta wa madubi. A bakin matakalar kotun ya nuna wa Renata.

Ta karanta, ta ninke, ta mayar masa a hankali. "Yana da kyau ƙwarai. Amma ba za ka yi magana ba."

"Sai yaushe?"

"Ba za ka yi ba sam. A nan ba a kiran shaidu. Lauyoyi ne kawai da alƙalai."

"Shari'ar wa ake yi?"

"Taka."

Ya zauna a benci na uku, Arlene a gefensa da bargo a gwiwa. Alƙalai bakwai suka shigo cikin baƙaƙen riguna. Aka kira ƙarar, ya ji sunansa ya cika ɗakin, har ya yunƙura zai miƙe, Arlene ta ja masa kwat.

Renata ba ta yi jimla uku ba wani alƙali mai furfura ya katse ta.

"Lauya, a ce wanda kike karewa ya kafa allo mai tsayin rumbun masara. Gari ba shi da ta cewa?"

"Ya mai shari'a, girma daban ne, abin da aka rubuta daban."

"A ce ɗari ya kafa, ƙanana?" in ji wata alƙaliya.

"A ce mai walƙiya ne, yana hana maƙwabta barci?"

"A ce a jikin saniya ya rubuta, ya ɗaure ta a ƙofar gida?"

Aka yi dariya. Merle ya matso kusa da kunnen Arlene. "Wa ke da saniya?"

"Yi shiru."

"Ni allo ɗaya na kafa. A gaya musu mana."

Ba wanda ya ambaci gada. Ba wanda ya ambaci ƙoda. Wani alƙali ma Mista Holland ya kira shi, ba wanda ya gyara masa. Suna ta jefa wa juna sunayen shari'o'in da aka yi tun kafin a haife shi, da na wata mata a Missouri da ta liƙa takarda a tagarta, kowa yana gyaɗa kai kamar ana zancen dangi.

Sai da lauyan gari ya miƙe ne alƙaliyar da ke can ƙarshen hagu ta cire tabarau ta ce, "Lauya, taimaka mini. Da mutumin nan ya rubuta cewa gidansa na sayarwa ne saboda gada ta lalace, dokarku ta yarda ko ba ta yarda ba?"

Lauyan ya juya takardunsa. Ya ce wannan zai danganta.

"Da me?"

"Da... da yadda jami'in ya karanta shi, ya mai shari'a."

"Wato sai ya karanta ke nan."

Merle ya ji wani haske ya ɗan buɗe a kansa. Wannan kam ya gane. Ya damƙi hannun Arlene. Amma kafin ya gama jin daɗin ganewar, mai furfurar nan ya sake jefo wata tambaya kan matakan binciken doka guda uku, hasken ya rufe. Minti talatin da 'yan kai aka tashi. Ko kofin da suka saya a hanya bai gama hucewa a mota ba.

Wata biyar babu labari. Sannan wata Jumma'a da safe, yana cikin share dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, Renata ta kira.

"Hukunci ya fito! Shafi arba'in da shida!"

"Mun ci?"

"Bari in karanta maka. Alƙalai huɗu sun ce sashe na biyu na dokar ya saɓa wa tsarin mulki. Amma ɗaya daga cikin huɗun ya yarda da sakamakon ne kawai, bai yarda da dalilin ba. Uku sun ƙi, sai dai biyu daga cikinsu sun goyi bayan kashi na farko na hukuncin. Maganar girman allo kuma an mayar da ita kotun ƙasa ta sake dubawa."

Merle ya jingina da shebur. "Wace kotun ƙasa?"

"Ta farko."

"Wadda ta ka da mu?"

"Ita."

"Madam Sobel, don Allah, na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci a wurin da ya fi muhimmanci. Za a riƙa koyar da sunanka a makarantar lauyoyi."

Da rana jarida ta ce Hovland ya yi nasara. Da yamma gidan rediyon gundumar ya ce kotu ta mayar da shari'ar Hovland baya. Arlene ta ce ita jarida ta yarda da ita, ta gasa kaza.

Bai kai ga kafa allon makaranta ba, domin majalisa, da jin hukuncin, ta tura aka sake zana titin cikin mako ɗaya. Wanda ya fara amfani da hukuncin Duane ne. Gidansa yana kan hanyar zuwa gada, ba yadda za a yi Merle ya kauce masa. Ranar Litinin, suna tafiya asibiti, sai ga allo ja da fari a kan ciyawarsa, ya fi na Merle girma sau biyu: KUƊIN GYARAN TITUNA SUN TAFI WURIN LAUYOYI. KU TAMBAYI MERLE.

Merle ya taka birki har Arlene ta dafe gaban mota. Ya karanta sau uku. Yana ajiye ta a asibiti ya kira Renata daga wurin ajiye motoci.

"Sunana ya rubuta! A bakin titi! Ki sa a cire."

"Me ya ce daidai?"

Ya karanta mata.

"Garin ya kashe kuɗi kan lauyoyi?"

"Ya kashe mana."

"To ba ƙarya ya yi maka ba. Ba abin da zan iya yi."

"Babu wata doka?"

"Da akwai," ta ce. Ya ji tana ƙoƙarin danne dariya. "Kai ka rushe ta."

Ya kashe wayar. Shekara uku, kwat, rantsuwa, shafi arba'in da shida, duk don Duane Pruitt ya samu damar ci masa mutunci a kan hanyar asibiti. Da Arlene ta fito ya gaya mata, yana jiran ta tayar da jijiyar wuya. Sai ta yi dariya har da tari.

"Kai ka yi masa hanya, ko godiya bai yi ba," ta ce. "Haka yake tun yana yaro."

Majalisa ta kira taron gari don a rubuta sabuwar doka. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Wasu suna cewa a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama, wasu suna cewa garin zai koma juji. Can shugabar majalisar ta hango Merle a baya.

"Mista Hovland, kai ka fi mu sanin wannan magana. Me kake gani?"

Kowa ya juyo. Merle ya miƙe, hularsa a hannu.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Allon Duane ba na son sa. Kullum na wuce sai raina ya ɓaci. Na tambaya an ce in aka cire nasa, an cire nawa ke nan, ni kuma nawa na riga na cire da kaina. To ban san me zan ce muku ba. In dai sai an karanta kafin a cire, ku bar masa abinsa."

Ya zauna. Wasu suka tafa, wasu suka yi tsaki, shi kuwa bai san wane ɓangare ya goya wa baya ba. Aka zartar da cewa kowa ya rubuta abin da yake so, muddin allon bai wuce ƙafa huɗu ba. Da wannan sabuwar doka lauyoyin ɓangarorin biyu suka rubuta wa kotun farko cewa ba sauran abin dubawa, aka rufe fayil ɗin. Aka auna na Duane, ƙafa huɗu cif.

Allon ya zauna a nan har ƙarshen watan Yuni, sannan Carol, matar Duane, ta gaji da zagaya shi in tana yankan ciyawa, ta tumɓuke ta jefa a bayan shago. Bayan kamar mako biyu Duane ya shigo shagon Bev, ya tarar duk tebura sun cika sai na Merle. Ya ɗan tsaya, sannan ya ja kujera ya zauna.

"Yaya jikin Arlene?"

"Da sauƙi."

"An ce za a yi ruwa ran Alhamis."

"Haka na ji."

Bev ta kawo musu kofi, suka yi zancen masara har ƙarfe goma.